Kalkuletocin Malam Maikano

Aikin farko yau: kai tabarmi wajen zaman makoki.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Maris, 1995, Allah ya karɓi ran Malam Maikano, malamin lissafi a firamaren Yako.

Malam, da ka sayar da albasarka ta rani, kalkuleta huɗu ka sayo wa aji shida daga Kano. Dokarka ɗaya ce: ba mai danna maɓalli sai ya fara kintatar amsa da bakinsa. 'Yata Turai, wadda ciwon ciki ke kamawa duk ranar lissafi, ka tambaye ta sha tara sau ashirin da ɗaya. Ta ce kusan ɗari huɗu. Injin ya nuna ɗari uku da casa'in da tara. Ka ce, "Da ɗaya kuka saɓa, shi kuwa tun daga Japan ya taso." Ciwon cikin bai dawo ba. Wani lokaci kakan danna ba daidai ba da gangan, ka jira yaron da zai ƙaryata injin.

Ɗazu a ƙofar gidanka Alhaji Sale, shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, ya shafa addu'a, ya ce, "Allah ya jiƙan Maikano, amma gara a kulle injinan nan. Lalata kan yara suke. Ko ba haka ba, Sakatare?"

Na ce, "Haka ne, Alhaji."

Tun daga nan nake gaya wa kaina ba a musu da babba a zaman makoki. Gaskiya ne. Amma shiru ma hanya ce, ban bi ta ba. Ƙaninka Hamidu ya dube ni, ya mayar da kansa ga carbinsa. Ranar Asabar za a yanke shawara a taron ƙungiyar, an kuma riga an ƙirga bakina cikin masu cewa a kulle.

Allah ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa abin da ka koyar ya zama sadaka mai gudana. Ya ba matarka Malama Habiba da yara da Hamidu haƙurin rashi. Amin.

Gobe, in Allah ya kai mu:

- Liƙe tayar keke.
- Duba ruwan tumatir.
- Roƙon Turai ta koya mini yadda ake kintatar amsa.
- Gidan Alhaji Sale bayan la'asar, in janye maganata. Kada in tsaya a gaisuwa.