Sikelin Buhu

Tun tana goye ake ce mata Rumbu, kuma ba don yabo ba. Uwarta ta ce ba ta taɓa sakin nono da kanta ba, sai an ɓamɓare ta tana tsala ihu. Da ta fara tafiya, wajen tukunya ta nufa. Takan cinye nata, ta suɗe kwanon yayanta, sannan ta zauna tana kukan yunwa kamar ba a ba ta komai ba.

Ubanta hatsi yake sayarwa, mutum ne da ya yarda da sikeli fiye da bakin ɗan Adam. Duk ƙarshen mako sai ya kai ta shago, ya ɗora ta a kan sikelin buhu, a gaban masu saye da 'yan dako. In allura ta wuce inda ta tsaya wancan makon, shari'a ta ƙare: ta saci abinci. Sai ya zare bel. Ba a tambayarta, tunda ƙarfe ya riga ya ba da shaida. 'Yan dako kuwa, da ba su iya bakinsu ba, sukan ce, "Maigida, nawa ne wannan buhun?" A kwashe da dariya. Wai tarbiyya ke nan.

Makaranta ta gagare ta saboda tsokana. Ta koyi ɗinki don babu rigar kanti da ke shigarta. Yanzu tana da ɗan shago mai keke ɗaya, da kujerar da kafinta ya ƙara wa katako a ƙafa. Mata masu jiki wajenta suke zuwa, don ba ta faɗin awo a fili: sai ta danne tef da babban yatsa, ta yanka yadi. Yunwar dai ba ta bar ta ba ko na yini ɗaya. Uban ya rasu yana ganin ya haifi makwaɗaiciya, ita ma ta kusa yarda.

Yayanta ne ya gaji shagon, da sikelin, har da halin. Wata rana ta kai masa wandon da ta rage wa tsawo, sai ta tarar da ƙaramar 'yarsa tsaye a kan sikeli, ta harɗe hannuwa a baya. Wani ɗan dako ya fara murmushi. Ran Rumbu ya ɓaci har idonta ya rufe. Ta sunkuci yarinyar, sai asibiti.

An sha zirga-zirga, wannan ya tura su wajen wancan, aka ɗebi jinin su biyun. Daga ƙarshe wata likita ta zaunar da ita.

"Malama, kitsen jiki yana sakin wani sinadari, leptin, ya bi jini zuwa ƙwaƙwalwa ya ce abinci ya isa. A ƙwaƙwalwa akwai wuraren da ke karɓar saƙon. Naku, ke da yarinyar, ba sa aiki. Jininku cike yake da saƙon, amma ba ya shiga. Don haka ƙwaƙwalwa take ganin yunwa za ta kashe ku. Ba kasafai ake samunsa ba, kuma gado ne, ta wajen uwa da uba."

"Har uba?" in ji Rumbu.

"Har uba."

Ta yi wata dariya mara daɗi. Ashe mai bel ɗin da kansa ya ba ta rabin abin da yake dukanta a kai.

Daga nan shagon hatsi ta wuce, riƙe da hannun yarinyar. Ta mayar wa yayanta abin da likita ta ce, da yadda za a tsara wa yarinyar abinci, ana duba nauyinta a asibiti.

"To kin gani," ya ce, yana ɗaure bakin buhu. "Su ma aunawa suke. Laifin Baba ke nan? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

"Su a bayan labule suke aunawa, Yaya, kuma ba sa zare bel."

"Ke dai kin samu hujjar kwaɗayi."

Sai ta tattare zaninta ta hau sikelin. Ƙarfe ya yi ƙara, allura ta zagaya ta je ƙarshe ta tsaya. 

"Karanta," ta ce. "Ba kun fi yarda da shi ba? Duk dukan da na sha a wurin nan, ga iya ƙibar da ya rage mini. Ka sake ɗora 'yar nan a kai, wallahi ni da kai ne."

Ya kalli allurar, ya kalli 'yarsa. 'Yan dako kowa ya nemi buhun ɗauka.

A hanya yarinyar ta ja gefen zaninta. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, ta riga ta ɗaga hannu ta kare fuska.

"Gwaggo, yunwa nake ji."

Rumbu ta sauke mata hannun a hankali.

"Na yarda da ke," ta ce.