Kason Yaya

Mai Agogo ya ƙare rayuwarsa yana buɗe bayan abubuwa. Shagonsa ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai gyaran takalma da mai yanka makullai, kuma agogunan da ke rataye a bangonsa ba su taɓa yarda da juna a kan lokaci ba. Da gilashi a ido ɗaya da ɗan hantsaki a hannu, yakan ce duk abin da ya tsaya akwai dalilin tsayuwarsa, sai dai a rasa mai haƙurin nema.

Cikinsa ne kaɗai ya ƙaryata shi. Ya yi shekara da shekaru yana fama da bushewar ciki, irin wadda mutum zai shiga bayi ya fito da gumi ba tare da biyan buƙata ba. An ɗauki hoto, an auna jini, ba a ga komai ba. Likita ya ce hanjin lafiyarsa ƙalau, tafiya ce kawai ba ya yi. Maganar ta tsaya masa a rai, don bai taɓa ganin agogo mai lafiya da ya ƙi tafiya ba.

Wansa ma haka yake fama. Tsohon direba ne, ciwon zuciya ya zaunar da shi a ɗakin ƙurya, 'yar Mai Agogo ce ke kula da shi. Su biyun a maraici suka tashi, kuma tun lokacin suke da wata ƙa'ida: ɗayansu ba ya cin abu shi kaɗai. Lemo ɗaya a raba, biredi a raba. Furfura ta zo, ƙa'idar ba ta tsufa ba.

Da aka ce asibiti na neman masu irin ciwonsa don gwajin wani sabon magani, Mai Agogo ya je. Ɗakin binciken yana ƙarshen wani dogon lungu, fari fat, ba taga, ba abin da ake ji sai gurnanin firji. Agogon bangon yana tafiya ba ƙara. Ma'aikaciyar jinya ta yi masa bayani dalla-dalla: rabin masu shiga za a ba su maganin gaske, rabi kuma ƙwaya mai kama da shi wadda babu komai a cikinta.

"Nawa wanne ne, 'yata?"

"Ban sani ba, Baba. Likita ma bai sani ba."

"To wa ya sani?"

"Wata na'ura can nesa. Da haka ake gane ko maganin ne ke aiki ko kuwa sa rai."

Ya tambaya ko za a ɗauki wansa. Ta ce masu ciwon zuciya ba sa shiga, don ba a san yadda maganin zai yi da su ba. Ta ba shi ƙwayoyinsa, ta kuma ja masa kunne kada ya ba kowa.

Washegari Yaya ya hango shi ta ƙofa yana haɗiyar ƙwayar.

"Auta, tsufa ya koya maka cin ɓoye?"

"Magani ne, Yaya. An ce kada in ba kowa."

"Ni kowa ne?"

Amsar tambayar tana da sauƙi ga mai tunani: a wurin mai bincike, duk wanda ba kai ba kowa ne, ko da ciki ɗaya kuka fito. Amma Mai Agogo ya auna alkawarin jiya da na ƙuruciya, ya ga na ƙuruciya ya fi nauyi. Nan ya kuskure, domin alkawari ba a auna shi da shekaru. Ya raba: yau tasa, gobe ta Yaya, yana ajiye ta a ɗan faranti kusa da gado.

Ba a jima ba Yaya ya fara fitowa daga bayi yana murmushi. "Mota ta tashi, Auta, ba turi. Kai kuwa har yanzu kana gareji?"

Yana gareji kuwa. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya zuwa shago, ya buɗe ta a ƙarƙashin gilashinsa. Farin gari ne, ba haƙori, ba waya, ba abin da ke motsi. Ya daɗe yana kallonsa, har ya ji kamar garin ne ke kallonsa. Duk zuwansa asibiti ma'aikaciyar takan tambaye shi ko yana shan maganin kullum, shi kuma yakan ce yana sha.

Wata ranar da la'asar 'yarsa ta shiga ɗakin ƙurya ta tarar da wan ubanta, Baba Babba, a zaune, rabin lemo a hannunsa, idonsa a kan ƙofa. Ya riga ya cika. Farantin babu komai. Ranar ta Yaya ce a rabon ƙwayar.

Masu ta'aziyya suka ce zuciya ce, kuma kwana ya ƙare. Mai Agogo bai musa ba, amma gargaɗin ma'aikaciyar yana ta bugawa a kansa kamar agogon da aka manta a aljihu. Da aka tashi zaman makoki ya bi dogon lungun nan, ya zauna gaban likita, ya faɗi duk abin da ya yi.

"Ina so in sani ko hannuna ne ya kashe wana."

Likita bai yi faɗa ba. Ya ce a irin wannan hali doka ta yarda a tambayi na'urar. Ya fita da wayarsa, ya bar shi da firjin da agogon nan marar murya. Da ya dawo ya ce, "Baba, garin sitaci ne. Ba magani a ciki."

"Amma cikinsa ya saki."

"Yakan faru. Ya sa rai, kuma kai ka ba shi."

"Abin da babu komai a cikinsa, in ya iya sakin ciki, me zai hana shi tsayar da zuciya?"

"Zuciyarsa ta daɗe da gajiya. Sa'a ka yi, ba daidai ka yi ba. Da na gasken ne, da ban san abin da zan gaya maka ba."

Aka cire shi daga binciken, aka zubar da duk amsoshin da ya bayar, tunda an gauraya su da ƙarya. Hukuncin ya yi daidai, domin da amsoshin nan za a yi wa dubban masu ciwo magani, kuma ƙaunar mutum ga ɗan'uwansa ba ta ba shi izinin ɓata ilimin da jama'a ke jira. Mai Agogo ya karɓi hukuncin. An wanke shi daga kisa, kuma ya san ba hankalinsa ne ya wanke shi ba.

Yana nan a shagonsa har yau, cikinsa kuma yana nan yadda yake. Idan ya dawo da rana ya ɓare lemo, hannunsa da kansa yake raba shi biyu, ya kai rabi farantin ɗakin ƙurya. Kafin la'asar farantin ya zama wayam. Ya daɗe yana zaton 'yarsa ce ke kwashewa, sai ran nan ya yi mata godiya.

"Ni, Baba? Tun da aka fita da Baba Babba ban sake taka ɗakin nan ba."

Akwai ɓeraye a gidan, kuma mai hankali nan zai tsaya. Mai Agogo, wanda bai taɓa barin abu a rufe ba, ya sayo tarko, ya ajiye shi a shago cikin ledarsa, bai ɗana ba.