Ranar da Na Ƙona Tukunyar 'Yar Kafanchan

Ranar Juma'a ce, a goman tsakiya na azumin shekarar korona, bayan la'asar. Ina durƙushe a kan tsakuwar bayan gidanmu a unguwar Al Gharrafa, can ƙasar Larabawa, gwiwoyina suna cin wuta, ina ɗura wa jirgin ƙasan Abba ruwa da sirinji. Shekarata goma sha biyu. Kwanan Abba tara a asibiti, kuma tun da safe Mama ta ce mini ma'aikaciyar jinyar da ke kula da shi za ta kira mu ta bidiyo da ƙarfe huɗu da rabi, sau ɗaya tak. Saƙo na ƙarshe da ya iya rubuto mini, kwana uku kafin nan, layi ɗaya ne: "Direba, ki tayar mini da 'Yar Kafanchan in ji usur ɗinta." Ni kuwa na riga na ƙudurce a raina cewa idan ya ji usur ɗin nan zai tashi. Ba wanda ya gaya mini haka, ni na yanke, kuma da wani ya musa mini a ranar da mun kwashi 'yan kallo.

'Yar Kafanchan ba ta fi kamu ɗaya ba, koriya, da tagulla a wuyanta, amma jirgi ce ta gaske: wuta take ci, ruwa take sha, tururi ke tafiyar da ita. Abba injiniyan gas ne, mahaifinsa kuma kwal ya yi ta zuba wa jiragen reluwe har ya tsufa, shi ya sa ciwon jirgi bai taɓa barin gidanmu ba. Sauran 'yan Najeriya a unguwar suna shuka ciyawa a filin gidansu, shi kuwa ya shimfiɗa dogo. Katakon da tsakuwar daga wajen Asian Town ya yi ta jido su a bayan mota, Mama tana cewa ita dai ba ta taɓa ganin babban mutum da furfura yana rarrafe a ƙasa yana "cuku-cuku" da baki ba. Dogon ya zagaye tukwanen zogalenta, ya ratsa ƙarƙashin tankin ruwa, ya tsaya daidai ƙofar kicin, wurin da muke kira tashar Zariya. A azumin da ya gabata, da dabino muke loda wa taragu, in saki jirgin ya kai mata lokacin shan ruwa. Tana ɗauka tana hararar mu, amma ba ta taɓa barin ko ɗaya ba.

Aikina ne share yashin dogo da tsohon buroshin fenti, da korar magen maƙwabta, da tarar ruwa. Abba ba ya yarda a ba jirginsa ruwan famfo ko na gora, wai gishirinsu yana toshe tukunya. Ruwan da ke ɗiga daga bututun na'urar sanyaya ɗaki muke tara mata a robobi, in tace shi da tsohon kallabin Mama. Ana cika tukunyar taf, sai a zuƙe kaɗan da sirinji don tururi ya sami wurin zama. Sai man tururi, mai kauri kamar zuma. Sai gas, a inuwa. Wuta ce ƙarshe. Dokar da ya fi maimaita mini har na haddace ita ce: "An yi tankin gas ƙarami ne don ya riga ruwa ƙarewa. In gas ya ƙare, ki bar ta ta huce, ki fara ƙara ruwa." Nakan ce na ji, Abba, na ji, ina murguɗa baki.

Ranar nan da huɗu da kwata na kunna wuta. Kafin da rabi allurar agogon tururi ta hau inda ake so, jirgin yana huci, na ja usur sau ɗaya don gwaji ya amsa tsaf. Mama ta tsaya a bayana da waya a hannu, ta sa mayafinta mai kyau kamar mai zuwa biki. Da rabi ta yi, ba kira. Na saki jirgin ya yi zagaye biyu don kada tururin ya yi yawa, na tsayar, na sake saki. Gumi yana shiga idona, maƙogwarona ya bushe ƙamas, don na nace sai na yi azumin ranar saboda Abba. Biyar saura kaɗan na ji wutar ta yi "fuf" ta mutu. Gas ya ƙare. A daidai lokacin wayar ta yi ƙara, saƙo ne daga Anti Rifkatu, ma'aikaciyar jinyar, 'yar Kagoro ce da Allah ya haɗa mu da ita a ɗakin da aka kwantar da shi: minti biyu, ku shirya.

Ba za a buɗe tukunya mai zafi a minti biyu ba. Sai ta huce, a cika, a sake jiran ta tafasa, kusan kwata ke nan. Na san dokar, wallahi na sani, ba mantawa na yi ba. Na leƙa ɗan gilashin da ke nuna ruwa, na ga kamar akwai saura a ƙasansa, ko kuma na so in gani. Na ɗauko gwangwanin gas na ɗura, na ƙyasta wuta.

Fuskar Abba ta bayyana a waya, rabinta a cikin robar oksijin, idanunsa a lumshe. Ya rame har na ƙi yarda shi ne. Anti Rifkatu, cikin rigar leda da tabarau, ta ce, "Yalla, 'yata, ga Baba yana jin ki. Yi sauri, ba mu da lokaci." Mama ta karkato wayar kan jirgin. Na buɗe linzamin tururi. 'Yar Kafanchan ta yi tafiyar da ba ta wuce taku biyu ba ta tsaya. Na ja usur, ya yi ɗan shi-shi ya yi shiru. Na sake ja, na sake, ina cewa don Allah, don Allah, a fili, kamar ƙarfe yana da kunne. Allurar tana ta sauka, wutar kuwa tana ta ruri a ƙarƙashin busasshiyar tukunya. Sai wari ya taso, koren fentin ya fara kumbura yana yin baƙi, hayaƙi yana fitowa ta gefen tankin gas, ni kuma fuskata na dab da shi.

Sai na ji muryar Abba. Ya fizge robar daga fuskarsa, ya ɗago kai daga matashi, ya daka mini tsawar da bai taɓa yi mini ba tun da aka haife ni: "Hauwa! Kashe gas! Matsa baya!" Tari ya sarƙe shi, wata na'ura ta fara kuka, na ji Anti Rifkatu tana cewa khalas, khalas, wato ya isa, hoton ya juya ya nuna silin, kiran ya yanke. Na murɗe gas ɗin da yatsu, ban ma ji ƙunar ba sai da aka kira magariba. Ranar aka sa shi a na'urar numfashi. Kwana shida bayan haka ya rasu, abokan aikinsa kaɗan suka raka shi, mu ko gawarsa ba mu gani ba.

Na naɗe jirgin a tawul na tura ƙasan gadona. Na yi wa kaina hisabi na gama: numfashin da ya rage masa ni na sa ya ƙarar da shi. Ban gaya wa kowa ba. Mama tana koyarwa ta kwamfuta da jajayen idanu, ni ina zaune a ajinmu na kwamfuta da kyamara a kashe, yashi yana binne dogon a hankali. Idan na ji ɗigar ruwan na'urar sanyaya ɗaki a kan siminti sai in toshe kunne.

Shekara biyu da rabi na yi a haka. Ana dab da fara gasar cin kofin duniya a ƙasar, mai gidan ya ce ba zai sabunta mana haya ba, baƙi yake jira. Gari ya cika da tutoci, ana ta tururuwa zuwa Corniche a bakin teku, mu muna ɗaure kaya. Ina tsugune ina ɓamɓare dogon sai ga wata gajeriyar mata da kular abinci, ta ce ita ce Rifkatu, ta daɗe tana son zuwa gaisuwa kunya ta hana ta. Ban gane ta ba sai da ta yi magana. Ban san lokacin da na ce mata ni ce na kashe shi ba. Ta ajiye kular, ta zauna a ƙasa kusa da ni da kayanta masu kyau. "Wa ya gaya miki? Tun da rana likitoci suka gama magana za a sa shi a na'ura. Shi ya sa na roƙa a ba ni minti biyar ku gan shi." Sannan ta ce, "Kwana uku ina duty a kansa, ko ido bai buɗe mini ba. Ni ban san muryar babanki ba sai da ya kira sunanki." Na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar, Mama ta fito daga kicin da gudu.

Yanzu ina karatu a Zariya ta gaske, wadda take da tasha da dogo mai tsatsa da awaki a kai. A lokacin ina ganin ni ce zan tashe shi daga gadon asibiti, shi kuwa ni yake gadi daga can. Usur ɗin da ya roƙa bai samu ba, kuma wannan ba abin da zai goge shi. Jirgin yana cikin akwatin Mama da ƙunarsa, an sha nuna mini masu gyara ban kai ba. Da za a mayar da ni bayan gidan nan, in sake jin tsawar nan ko sau ɗaya, da na je da gudu.