Yadda Kunkuru Ya Zama Baban Yayansa

Kaiso mai kiwon aladu ne a wani ƙauye gefen garin Tuskulum, kusa da birnin Rum, kuma kowa ya san shi da rashin sauri. Tafiya a hankali, magana a hankali, cin abinci ma sai kowa ya wanke hannu ya bar shi da kwano. Wansa Numeriyus, da ya girme shi da shekara shida, shi ya laƙaba masa Kunkuru, sunan kuwa ya bi shi har ya yi gemu.

Ba son yaƙi ya kai su yaƙi ba. Da sanyi ya wuce sai shela ta zo daga Rum, mai gona ya ajiye garma ya ɗauki garkuwa. Kakansu ya yi yaƙi yana hango hayaƙin gidansu. Babansu sai da ya yi tafiyar kwana uku kafin ya ga abokin gaba. Su kuwa kwana goma sha biyu suka yi suna taka ƙasa, har cikin duwatsun Samniyawa. Garuruwan da babansu ya yaƙa jiya, 'ya'yansu ne yau ke tafe a gefensu, ana shan fate ɗaya.

A hanya ba a san Kaiso da komai ba sai haƙa. Duk inda runduna ta sauka sai an haƙa rami an kafa shinge, kuma inda Kunkuru ya haƙa ba a komawa gyara. Numeriyus kuwa shi ne mai baki, mai ba da labarin jarumta tun ba a ga mashi ba.

Ranar da aka gwabza, matasa ne a sahun gaba, har da Kaiso. Da suka jigata aka busa musu ƙaho su ja baya, sahun su Numeriyus ya shiga. Ba a jima ba, mashi ya soki cinyar Numeriyus, ya zube. Ya ɗaga ido ya ga wani ƙaton Basamniye a kansa, takobi a sama. Sai ya ji wani abu ya faɗo masa kamar buhun wake. Kaiso ne! Mutumin da bai taɓa gudu ba ko aladu sun ɓalle, ya sheƙo a guje, ya kifa wa wansa garkuwa, ya kayar da ƙaton nan, ya kafe a wurin har aka watse.

Washegari da hantsi shugaban rukuninsu na mayaƙa ɗari, wani tsoho mai karyayyen hanci, ya leƙo tanti.

"Kai mai baki, ƙanenka ya ci kambin ganyen bishiyar kwarkus, ladan ceton rai. Amma ka san doka. Ba a ba da shi sai wanda aka ceta ya miƙe gaban runduna ya faɗa da bakinsa. Ko mutum dubu sun gani, in kai ba ka faɗa ba, babu."

Numeriyus ya san doka, ya kuma san sauranta. Wanda aka ceta, daga ranar zai ɗauki mai cetonsa uba. Zai miƙe in ya shigo, zai yi masa duk abin da ɗa ke yi wa mahaifi, har mutuwa. Wa? Kunkuru? Yaron da ya goya, ya share wa majina?

Kwana biyu yana kwance ya juya fuska ga bangon tanti. Kaiso na zuwa ya wanke masa ciwo, ya ɗura masa fate.

"Yaya, ka bar zancen nan. Ganye ne fa. Aladuna ma 'ya'yan bishiyar suke ci, ba sa kallon ganyen."

"Rufe min baki. Wa ya tambaye ka?"

"Na ga abin ya hana ka cin abinci ne."

"Cinyata ce ke ciwo!"

Rana ta uku, Kaiso ya sunkuya zai ɗauki ƙwaryar ruwa, rigarsa ta zame. Numeriyus ya ga sara tun daga kafaɗa har tsakiyar baya, an ɗinke shi kamar bakin buhu.

"Kai, mene ne wannan?"

"Garkuwar ɗaya ce, Yaya. Ba ta isa mu biyu ba."

Numeriyus ya ƙura wa saran ido. Can ya ce, "Miƙo min sandar can."

Aka tara runduna. Ya ɗingisa har gaban babban kwamanda, zufa na keto masa.

"Wa ya cece ka?" in ji kwamanda.

Ya faɗa can ƙasan maƙoshi.

"Ba mu ji ba!" wani ya ƙwala daga baya. "Ina bakin naka ya tafi? Ko shi ma mashin ya same shi?"

Sai Numeriyus ya jefar da sanda, ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya buɗe murya: "Kaiso ne! Ƙanena Kaiso, uwa ɗaya uba ɗaya! Ba don shi ba da ungulu sun gama da ni. Daga yau babana ne!"

Aka kwashe da dariya. Dariyar ba ta daɗe ba sai ta koma dukan garkuwa, dum, dum, har duwatsu na amsawa. Numeriyus da hannunsa ya ɗora masa kambin, ya karkace, ya gyara, yana kuka yana dariya. Kaiso kuwa sai kallon ƙasa yake kamar wanda aka kama da laifi.

Da suka koma gida, ashe kambin ba ganye kawai ba ne. Dalilinsa aka sauke wa tsohonsu duk wani aikin hukuma, ya huta da ɗaukar dutsen hanya. A wurin wasanni, manyan gari masu farin gashi ke miƙewa in mai aladu ya shigo. Rikicin ɗaya ne: in Numeriyus ya ce "Baba", mutum biyu ke waigowa.

"Ni dai guda na aura," in ji innarsu. "Ku sasanta kanku."

Shekara goma sha ɗaya ke nan. Runduna ta wuce duwatsun nan tuni, an ce yanzu har bakin teku take kaiwa. Numeriyus bai sake zuwa ba saboda cinyar, amma ya ga 'ya'yansa uku da aka haifa bayan ranar, ya ci zaitun ɗin da ya dasa da hannunsa. Duk shekara in kambin ya bushe, sai ya ɗingisa daji ya tsinko sabon ganye, ya kitsa, ya kai har garken aladu.

"Baba, an tashi lafiya? Ga naka."

"Haba Yaya, har yanzu?"

"Har gobe. Sunkuyo mana, Kunkuru, ƙafata ba ta jure tsayuwa."