Wasiƙar Baba masinja a foldar kowa

Shekarar da aka fara shari'a a Zamfara, kwamfuta uku aka kawo mana ofis a Ƙaura Namoda, aka haɗa su da waya ta cikin silin. Ni ne mai buga takardu, shekarata tara a kan tafireta, kuma ban ɓoye wa kowa ba cewa ban yi murna da baƙin ba. Mutumin da ya zo daga Gusau ya haɗa su ya nuna mana folda iri biyu. Kowa yana da tasa mai kalmar sirri, sannan akwai guda wadda muke kira foldar kowa, abin da ka sa a ciki duk injinan uku suna gani. Firinta kuwa ɗaya ce tak, tana ɗakin Hajiya sakatariya. In kana son takarda ta fito, sai ka jefa ta foldar kowa, ka taka zuwa ɗakinta ka buga, sannan ka goge.

Ni da Hajiya ba ma ga maciji. Ita tana cewa bakina ya fi hannuna sauri, ni kuma ina cewa labari in ya shiga ɗakinta da hantsi, kafin azahar ya kai tasha. Allah ya yafe mini.

Muna da wani dattijo masinja, mutumin Shinkafi, kowa Baba yake ce masa. A shekarar ya samu kujerar Makka. Wata Alhamis da aka fita sallar azahar ya tsaya bakin teburina yana murza hula, ya ce, "Ɗana, takarda nika son ka buga min. Amana ce."

Ya zauna ya faɗa, ina bugawa. Ashe yana saurayi, shekara talatin da wani abu baya, ya kore bijimin wani Bafulatani na Jangeru ranar kasuwar Shinkafi, ya sayar. Ba a taɓa zarginsa ba. Mai bijimin ya rasu, amma ɗansa malamin makaranta ne, shi Baba yake son wasiƙar ta je wa. Ya amsa laifinsa dalla-dalla, ya ce zai mayar da wani sa madadin wancan, a yafe masa kafin ya hau jirgi. A lokacin ba a da hira a gari sai ta satar shanu da yanke hannu, ga dattijo yana sa in rubuta ikirarinsa da cikakken sunansa a ƙasa.

Na jefa wasiƙar foldar kowa, na ruga ɗakin Hajiya tun ba ta dawo ba, na buga, na ninke na sa masa a aljihu. Aka tada iƙama, muka yi masallaci da sauri. Gogewar da ban yi ba ke nan. Mai tafireta in ya zare takarda daga inji magana ta ƙare, hannuna bai saba da cewa kwamfuta tana riƙe sauran ba.

Juma'a ban shiga ofis ba, na wuce gida Zurmi wajen sunan ɗiyar ƙanwata. Ranar Asabar ina tsugune ana fiɗar rago abin ya faɗo mini. Wallahi sai da na dafa ƙasa. Juma'a guda cur wasiƙar tana zaune inda mutum shida ke shiga su fita, kuma na sa mata sunan Baba ƙiri-ƙiri. Ofis a kulle sai Litinin, makulli yana hannun shugaban ofis, ba kuma abin da zan ce masa ba tare da na tona abin da nake son rufewa ba. Naman sunan nan ban san ɗanɗanonsa ba. Ban san ko doka za ta taɓa dattijon a kan abin da ya wuce haka ba, amma na san mutumin da ya yi furfura ana ba shi ajiya ba zai iya bin titi ana nuna shi da baki ba.

Litinin na riga mai shara isa. Na kunna injina, na buɗe foldar kowa. Takardun hutu suna nan, sanarwar taro tana nan, wasiƙar Baba babu. Na ce shi ke nan, wani ya kwashe.

Ina nan zaune Hajiya ta leƙo, ta ce in zo. Ta tura ƙofa, ta ajiye mini faifan filofi, irin wanda ake kwasar takardu daga kwamfuta a ciki, a tebur.

"Malam mai baki, ga kayanka. Tun Alhamis da la'asar na cire ta, babu wanda ya buɗe foldar kafin ni."

Na ce, "Hajiya, kin karanta?"

"Na karanta sallama da layi biyu, na ga ba tuwona ba ne. Gobe in ka ci, ka wanke kwanonka."

Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Na zauna a kujerar baƙi ina ta godiya, har ta ce in tashi in ba ta wuri tana da aiki.

Mutanen Jangeru sun yafe, sun ma ƙi karɓar bijimin da ya ce zai mayar. Ana jibi tafiya Baba ya bi tebur-tebur yana neman gafara, kamar yadda maniyyata ke yi. Da ya iso wurina na ja shi waje, na ce ni ne mai neman gafara, na faɗa masa komai, har da layi biyun Hajiya.

Ya tuɓe hula yana duban tafin hannunsa na dama. Can ya ce, "Wadda tag gani ɗin, ba ita ta tag gaishe ni da sahen ga, har ta ce in yi mata addu'a a Arfa ba?"

Na ce ita ce.

Ya mayar da hularsa. "To, ba ta gani ba, ɗana."