Kwamfutar da Ba Ta Son Ticha Ya Ci

Shekarar da shinkafar fadamarmu ta yi kyau, kowa a gidanmu ya yi abin hankali da rabonsa. Wani ya sayi injin ban-ruwa, wani ya canza kwanon ɗakinsa. Ni kuwa na hau mota zuwa Kano, na dawo Haɗeja da kwamfutar wasa, baƙa wuluk, ga fitilu kala-kala a cikinta kamar motar amarya. Na girke ta a shagona na ƙofar gida, mai kallon titi. Har yau ban yi nadama ba, mai son yi mini wa'azi ya bari sai na gama.

Abokin wasana maƙwabcinmu ne, malamin lissafi, Kirista ɗan Filato, duk unguwa Ticha muke ce masa. Mutum ne mai sanyin murya, in ya yi sallama sai ka kasa kunne kafin ka ji. Amma ranar Asabar da yamma, in muka zauna wasan ƙwallo ya samu ya jefa ɗaya a raga, ihun da yake kurmawa sai kajin unguwa sun watse. Ba kasafai yake ci ba, don na fi shi hannu nesa ba kusa ba. Burinsa bai wuce ya doke ni sau ɗaya tak ba.

To, nan matsalar take. Duk ranar da Ticha ya ci ƙwallo ya yi ihunsa, ba a jimawa sai kwamfutar ta yi ɗif. In na sake kunna ta, sai ta rubuto wani dogon Turanci, wai wutar da ke shigo mata ba ta tsaya daidai ba, ta kashe kanta ne don kada ta ƙone. Wasa kuma ya tafi ke nan. In ni na ci, ko goma na zura, ko gezau ba ta yi.

Da farko dariya muka yi. Da abin ya yi ta maimaituwa, Ticha ya daina dariya.

"Malam," ya ce, yana leƙen ƙarƙashin tebur, "ina ƙafarka take ɗazu?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da ko a wasan langa ban taɓa cin zalin kowa ba! Na rantse, na maimaita. Ana cikin haka sai ga Inna, mahaifiyata, ta shigo da shayi mai citta da kanumfari, kamar yadda take yi kullum in ya zo. "Sannu da zuwa, ɗana," in ji ta. Ya durƙusa ya karɓa, yana kurɓa yana hararata ta saman kofi.

Ba abin da ban yi wa kwamfutar nan ba. Na buɗe ta na hure ƙura da famfon keke. Na canza soket, na canza waya. Na ɗora ta a cinya cikin adaidaita zuwa wajen mai gyara, ya ce akwatin da ke raba mata wuta ne ya gaji, muka sa sabo. Ta wuni a shagonsa tana aiki lafiya lau kamar mutuniyar kirki. Na sayi sitabilaiza mai daidaita ƙarfin wuta. Masu wuta kuwa sun sha baƙar magana a bakina, Allah Ya yafe mini, a wannan dai ba su da hannu.

Asabar ta zagayo. Ticha ya ce shi zai tsara zaman. Ya tura ni can jikin bango, nesa da kowace waya, ya sa na naɗe ƙafafu kamar mai ɗaukar karatu. Na yarda, don a wanke ni. Ya ci, ya yi ihu, muka zuba wa kwamfuta ido. Ɗif!

Ya miƙe a hankali ya zura takalminsa. "Ban san yadda kake yi ba, Malam, amma ka iya." Ya fice ko waiwaye babu.

A satin aka yi masa canjin wurin aiki, zai koma gida. Abin ya tsaya mini a rai. Mutumin da muka ci tuwo kwano ɗaya, wanda ya taya mu jera buhunan yashi shekarar ambaliya, zai bar Haɗeja yana mini kallon macuci a kan ƙwallon da ko iska babu a cikinta. Na je har gida na roƙe shi wasa ɗaya. Ya zo don kunyar Inna, ba don ni ba.

Ya ci, ya yi ihu, ta mutu. Wannan karon ban tsaya rantsuwa ba. Na faɗa cikin gida a fusace zan ɗauko taɓarya, don na yi niyyar raba ta gida biyu kowa ya huta. Ina shiga na tarar da Inna tsugune a bakin ɗakinta, ta tsoma hita a jug, ruwa ya fara tsuwa. Hitar nan irin mai zuƙar wuta ce, kuma ɗakinta da shagona siririyar waya ɗaya ce ke ba su wuta.

"Inna, yaushe kika jona wannan?"

"Yanzun nan da na ji ɗana ya zo."

"Ai tun ɗazu ya zo!"

"To ni ina zan sani? Yaron nan ba a jin shigowarsa. Sai ya yi ihun nan nasa nake sanin ina da baƙo."

"Ni fa, in na yi nawa ihun?"

Ta dube ni sheƙeƙe. "Kai baƙo ne? Ihunka tun kana goye nake jin sa."

Na kira Ticha ya gani da idonsa. Ya dubi hita, ya dubi Inna, ya zauna daɓas a kan turmi yana dariya har da hawaye. Na ce wa Inna ta yi haƙuri da shayin sai mun tashi. Ta ce Allah Ya kiyaye, baƙo ba zai zauna mata a gida da busasshen baki saboda akwatin 'yan aljanu ba.

Saboda haka Asabar ɗinsa ta ƙarshe, Ticha ya shigo a sace, ya cusa hankici a baki. Ban raga masa ba, wallahi, ya san ni. Ya jefa ta farko, idanunsa suka firfito, jijiyoyin wuya suka tashi, bai ce uffan ba. Na rama. Dab da tashi ya ƙara. Da alƙalin wasa ya hura usur, ya tofar da hankicin ya saki ihun da ya daɗe yana tarawa. Muka zauna muna jira. Ɗif! Sai ga Inna da shayi.

Ya bar Haɗeja da kwalin bandar kifi da ta ɗaure masa da hannunta.

Tun daga ranar kwamfutar ta daɗe ba ta sake mutuwa ba. Turancin nan ma na manta kamanninsa. Wata Asabar ina wasa ni kaɗai, na ci wata ƙwallo mai kyau, ban san lokacin da na kwaikwayi ihunsa ba. Jim kaɗan fitilun kwamfutar suka ɗauke. Inna ta ɗaga labule da kofi biyu a faranti, ta dubi kujerar da babu kowa a kai, ta dube ni.

"Au, kai ne," ta ce. Ta ajiye mini duka biyun ta koma ciki.