Biyu Bisa Goma

Shekarun da na yi ina koyar da Hausa a aji biyu na ƙaramar sakandare a gefen Kaura Namoda, babu abin da ya riƙa tayar mini da zuciya kamar ƙarshen insha'in gardama. Yaro zai cika shafi biyu yana kare noma a kan kasuwanci, hujja kan hujja, har ka fara gyara zama. Da ya iso kammalawa sai ya ja da baya. Sai ya rubuta cewa kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, Allah ya zaɓa mana mafi alheri. Littafi arba'in, jimla ɗaya.

Na san inda suka ɗauko ta. A zauren gidajensu haka ake rufe kowace magana: a yini ana musu, dattijo ya shafa gemu ya ce kowa ya yi haƙuri, a shafa fatiha, a watse ba a yanke komai ba. Na raɗa mata suna kammalawar matsorata, kuma makinta a wurina bai taɓa wuce biyu bisa goma ba. Nakan karanta ta a gaban aji da muryar tsoho mai mura, yara su yi ta dariya, mai littafin ya sunkuyar da kai. Ban ji tausayin kowa ba, daɗi ma nake ji. Na ce musu kammalawa tsayawa ce: ka faɗi ɓangaren da kake, ka faɗi abin da kake so a yi, ka ajiye biro.

A wani zangon karatu ne shugaban makarantarmu ya ƙirƙiro lesin na yamma har bayan La'asar, don wani babba daga ofishin ilimi ya yaba irinsa a wata makaranta. Mutum ne da yabo ke kumbura shi kamar alkubus. Sai na ba yara batun su yi gardama a kai: a bar lesin ko a soke shi.

Akwai wata yarinya a layin baya, daga wani ƙauye kan hanyar Zurmi take takowa da ƙafa kullum. Ba ta cika magana ba. Ta rubuta cewa idan aka tashi bayan La'asar, masu babur sun daina bin hanyarsu, manoma sun bar gona, hanya ta zama ta 'yan bindiga. Kammalawarta layi uku ce. Ta ce a soke lesin, ko a sallami 'yan ƙauye da Azahar, domin mahaifinta ya rantse idan aka kai ƙarshen wata a haka, karatunta ya ƙare. Na ba ta goma cif. Na yi mata alkawarin kai takardar taron malamai.

Na kai kuwa. Shugaba ya karanta yana taɓe baki, ya ce yanzu yara ne za su tsara mana jadawali. Mataimakinsa, wanda bai taɓa mallakar ra'ayi ba sai na aro, ya yi dariya tun kafin a gama maganar. Malamin lissafi ya duƙufa kan wayarsa kamar yana neman wani abu da ya ɓata. Na dube su ɗaya bayan ɗaya, raini ya cika mini ciki. Sai shugaba ya juyo ya ce tunda ni na kawo magana, ni zan rufe ta. A makon nan ana ta raɗe-raɗin za a tura wasu malamai ƙauyukan Shinkafi, kuma shi ke miƙa sunaye.

Na miƙe, na gyara hula. Na ji bakina yana cewa lallai yarinya tana da hujja, shugaba ma yana da tasa, Allah ya zaɓa mana mafi alheri. Aka ce amin, aka shafa, aka tashi.

Ranar Litinin yarinyar ta tsaya a aji bayan an fita hutun tara, littafinta a ƙirji.

"Malam, mi anka yanke?"

Na so in yi mata kwana-kwana, amma ni na hana yara yin haka. Na maimaita mata abin da na faɗa, kalma da kalma. Ta kalli jan biron da ke aljihuna.

"Malam, da ni na rubuta hakanga, maki nawa za ka ba ni?"

"Biyu," na ce.

Ta gyaɗa kai, ta koma layin baya. Wata ya ƙare, lesin bai ƙare ba, bencin baya ya rasa mutum ɗaya. Ni ba a tura ni ko'ina ba. Na ci gaba da koyar da kammalawa a ajin nan, amma muryar tsoho mai mura ban ƙara yin ta ba.